Wa Ya Faɗa? Amanar Magana a Rubutun Jami'a

A hutun da ya gabata wani tsohon ɗalibina, ɗan Akokan, ya kawo mini daftarin kundinsa na kammala karatu, ransa a ɓace. Yana rubutu ne a kan halin da garin ya shiga tun da kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa ta uraniyom ranar 31 ga Maris 2021. A gefen shafuka, malamin da ke duba aikin ya yi ta maimaita tambaya guda da jan biro: wa ya faɗa? Yaron ya ce mini: "Mushe, babana ne ya faɗa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana shiga ramin nan. Ashe sai baƙo ya zo ya kwana goma ya buga littafi, sannan maganar ta zama gaskiya?"

Tambayar nan ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin na ga malamin da gaskiyarsa, ɗalibin ma da tasa.

Mu fara da malamin. Da yawa daga cikin ƴaƴanmu sun ɗauka ambaton madogara wata al'ada ce ta Turawa, wadda ake cikawa don a burge alƙalan jarrabawa. Alhali kuwa malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai da isnadi, wato jerin mutanen da magana ta bi ta bakinsu, kuma sukan binciki halin kowane ɗaya. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, shi kuwa wansa Shehu Usmanu har Agadas ya biyo Malam Jibrilu ɗan Umaru. A wurinsu magana amana ce, wanda ya karɓa wajibi ne ya faɗi hannun da ya ba shi.

A Arlit wannan amana tana da nauyi na musamman. Tun da Somair ta fara fitar da uraniyom a 1971, Cominak ta biyo baya a 1978, rayuwarmu ke rataye da alƙaluman da wasu ke aunawa. A ƙarshen 2003 masu awo na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun zo bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man, a 2009 Greenpeace ta zo, kuma sun ba da rahoton tururin uraniyom da ya wuce kima a ruwan wasu rijiyoyi da kuma a tarkacen ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa. Kamfanin Areva ya fito da nasa alƙaluman, ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen. Ɗalibin da ya rubuta "an ce ruwa ya gurɓace" ko "an ce ruwa lafiya lau" bai taimaki kowa ba. Mai karatu yana da haƙƙin ya san wa ya auna, a wace rijiya, a wace shekara, da wace na'ura, kuma wa ya biya kuɗin awon, domin a kan wannan ne magidanci zai yanke shawarar ruwan da iyalinsa za su sha.

Sai dai ƙorafin ɗalibin ba na banza ba ne. Sau da yawa ma'aunin jami'a yakan rinjaya wajen abin da aka buga a takarda, ko da marubucin wucewa kawai ya yi, ya bar mutumin da ƙurar ramin ta zauna a ƙirjinsa. Wannan ba ya cikin ƙa'idar bincike, lalaci ne na masu bincike. Tun 1968 aka kafa a Yamai cibiyar tattara tarihin baka wadda ta zama CELHTO, kuma Bubu Hama ya yi shekaru yana tattara abin da dattawa suka riƙe a ka. A 2016 Amina Weira ta nuna a fim ɗinta cewa hirar ƴa da mahaifinta, tsohon ma'aikacin mahaƙa, tana iya zama shaidar da duniya za ta saurara.

Abin da na gaya wa ɗalibina shi ne ya yi wa maganar mahaifinsa abin da ake yi wa littafi. Ya rubuta ranar hira da wurin da aka yi ta, da aikin da dattijon ya riƙe, da shekarun da ya yi. Ya raba abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji a majalisa. Ya nemi wasu tsofaffin ma'aikata ya ji inda suka dace da inda suka saɓa. Ya nemi izininsu, wanda ke tsoro kuwa a sakaya sunansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka uban shaida ne a kan ƙura da zafi da kayan kariya. Amma dalilin tarin da ke damunsa, wannan sai da bayanin likita.

Wani zai ce, ashe ba rashin kunya ba ne ɗa ya ɗora maganar ubansa a kan sikeli? A ganina akasin haka ne. Shaidar da ba a tantance ba, tambaya ɗaya ta alƙali ta isa ta rusa ta, uban kuma ya koma "wani ya ce". Wadda aka tantance kuwa takan zauna a kundi, na baya su dogara da ita. Rashin kunya na gaskiya shi ne a kwashe maganar dattijo a mai da ita tamkar basirar marubuci, ko a yanko shafi daga intanet a liƙa ba suna. Zanen aro ba ya rufe katara.

Mu malaman lise muna da namu laifin, domin mukan karɓi aikin gida mu ba da maki ba tare da mun tambayi inda aka samo shi ba. Tarbiyyar nan daga ajinmu ya kamata ta fara, cikin Faransanci da Hausa baki ɗaya.

Ɗalibin ya koma Akokan da littafin rubutu, ya yi hira da mutum tara. Da ya tambayi mahaifinsa ko a sakaya sunansa, dattijon ya ce a'a, a rubuta shi cikakke, har da shekarar da ya fara shiga rami.