MALAMIN MAKARANTA A KUJERAR MAJALISA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sunnarsa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wani ɗan'uwa, hedimastan firamare, ya tsare ni bayan an tashi daga wa'azi, ya ce mutanen garinsu sun dame shi lalle ya ajiye alli ya tsaya takarar majalisar jiha. Ya ce, "Malam, ina tsoron in shiga in halaka, ina kuma tsoron in ƙi shiga Allah Ya tambaye ni." To, da yake ba shi kaɗai ke cikin wannan hali ba, na ga ya dace a rubuta amsar.

Mu fara da abin da ya zo a shari'a. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya roƙi Manzon Allah (S.A.W.) ya ba shi wani muƙami, amma bai ba shi ba. Ya nuna masa cewa yana da rauni, muƙami kuwa amana ne, wanda ya karɓe shi bai sauke haƙƙinsa ba zai yi nadama ranar alƙiyama. Ku lura, Abu Zarri ba fasiƙi ba ne, yana cikin mafi gaskiyar sahabbai. Ashe ke nan kirki kaɗai bai isa ba. A ɗaya gefen kuma, a cikin Suratu Yusuf aya ta 55, Annabi Yusufu (A.S.) da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, ya kafa hujja da abu biyu: tsare amana da sanin aiki. Malamai suka ce idan mutum ya san zai iya, kuma in ya ja baya azzalumi ne zai hau, to babu laifi ya nema.

Malamin makaranta yana da rabo a cikin abubuwan nan biyu. Ya san halin talaka, domin 'ya'yan talaka ne ke zaune gabansa a ƙasa. Ya kuma saba da hukunci: in ya ɗauki jan biro yana duba jarrabawa, ɗan hakimi da ɗan mai ga-ruwa duk ɗaya ne, wanda ya ci ya ci, wanda ya faɗi ya faɗi. Abin tambaya, jan biron nan zai biyo shi majalisa, ko kuwa a ofishin hedimasta zai bar shi?

Bari mu duba mutumin da kowa ya sani. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya jiƙansa, ba ɗan sarki ba ne. Ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya koma ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. Ya je Landan ƙarin ilmin koyarwa a 1945, da ya dawo a 1946 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa. A watan Agusta na 1950 ya miƙe a zauren majalisar nan a Kaduna ya kawo batun a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, domin talaka ba shi da bakin magana a cikinsa, kuma cin hanci ya yi yawa. Jama'a, ku tuna a lokacin sarki shi ne wuƙa shi ne nama a ƙasarsa, kuma yawancin 'yan majalisar nan a hannun En'e suke karɓar albashi. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Batun ya wuce, aka yi bincike, ba a daɗe ba aka kawar da tsarin da sarki ke yanke hukunci shi kaɗai ba da majalisarsa ba. Ranar nan malamin makaranta bai bar jan bironsa a gida ba.

Amma kada mu yi abin da muke hana wasu, wato ɗaukaka mutum har ya zama ba ya kuskure. Malam Abubakar ya zama minista a 1952, ya zama Firayim Minista a 1957. A zamanin da jam'iyyarsa ke mulki, 'yan doka da kotunan alƙalai sun ɗaure magoya bayan NEPU da dama saboda siyasa. Shugaban NEPU ɗin, Malam Aminu Kano, shi ma tsohon malamin Midil ta Bauchi ne. Zaɓen 1964 da na Jihar Yamma na 1965 sun zo da rigima da zubar da jini, kuma a Janairun 1966 sojoji suka kashe shi bisa zalunci. An shaide shi a kan bai tara dukiya ba, wannan kuwa shaida ce babba. Sai dai darasin a nan shi ne, faɗar gaskiya ga sarki kana ƙaramin wakili ya fi sauƙi a kan faɗarta ga jam'iyyarka bayan ta ɗora ka a sama. Hisabinsa yana wurin Allah, mu namu mu ɗauki izina.

To, yau fa? Tsarin mulkin 1999 ya ce kowace majalisar jiha wakilanta ba za su gaza 24 ba, ba za su wuce 40 ba. Su ne ke amincewa da kasafin kuɗin jiha kafin a kashe. Wato rufin ajin da iska ta yaye, da albashin malamin da aka yi wata da watanni ba a biya ba, duk ta gabansu suke wucewa. Wakilin da gwamna ya aiko da kasafi ya ɗaga hannu bai karanta ba, daidai yake da malamin da ya ba yaro maki bai buɗe takardarsa ba. A makaranta korarsa ake yi. Don me a majalisa za a ce masa mai girma?

Saboda haka ga abin da na gaya wa ɗan'uwan nan. Na farko, ka lissafa hasara tun yanzu. Doka ta ce ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. In ka faɗi, ba kujera ba aji. Wanda bai shirya wa wannan ba, shi ne zai sayar da kansa don kada ya faɗi. Na biyu, kada ka ci bashi ka sayi ƙuri'a, kada ka yarda wani mai kuɗi ya ɗauki nauyin takararka a kan sharaɗi. Wanda ya biya kuɗin motar shi zai faɗi inda za ta. Na uku, ba boka, ba malamin duba, ba rantsuwa da wanin Allah, domin duk kujerar duniya ba ta kai a sayar da tauhidi saboda ita ba. Na huɗu, ka rubuta abin da ka mallaka yau ka ba amintattu biyu su ajiye, bayan shekara 4 a buɗe a gwada. Na biyar, ka tambayi ranka: ranar da jam'iyya ta ce a ɗaga hannu a kan zalunci, za ka iya barin naka a ƙasa ko da kai kaɗai ne? In ka san ba za ka iya ba, zauna a ajinka, babu kunya a cikin haka. Abu Zarri ma da ya fi ka an ce masa ya haƙura.

Mu kuma masu zaɓe, mu ji tsoron Allah. Mu ne ke tura mutumin kirki majalisa, sa'an nan mu yi layi a ƙofar gidansa da asuba, wannan kuɗin suna, wancan kuɗin biki. A ina muke so ya samo? In ya saci na makaranta ya ba mu, muna da kamasho a cikin zunubin.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya sa mu zama mabiya masu gaskiya, Ya kiyashe mu da cin amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.