Hakkin Wanda Aka Ƙirga

Makiyayi yakan ƙirga dabbobinsa da magariba domin ya san ko wata ta ɓata ya fita nemanta. Hukuma ma takan ƙirga mutanenta. To, in ta ƙirga marasa wurin kwana ta rubuta adadinsu a takarda, ta sauke nauyinsu ke nan, ko kuwa yanzu ta ɗauka?

A ƙasar Ingila, tun daga shekarar 2010, hukumar kowane gari takan zaɓi dare guda a cikin watan Oktoba ko Nuwamba, ta ƙirga ko ta kimanta masu kwana a titi da ƙofar kanti da tasha. Sai gwamnati ta haɗa jimla ta buga kowa ya gani. A 2010 an sami mutum 1,768. A 2017 suka kai 4,751. A 2019 aka rubuta 4,266.

Wannan aiki abin yabo ne, gama wanda ba a san da shi ba, ba a yanka masa rabo. Amma ƙirgar dare ɗaya ba ta ganin wanda ya raɓe a ɗakin aboki yau, gobe a kore shi, ko macen da ta ɓuya don tsoron miyagu. Gaskiya ta bayyana a watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta shigo, gwamnati ta umurci hukumomin garuruwa su sama wa kowa makwanci. Aka zuba mutane a masaukan baƙi. Kafin ƙarshen Nuwamba, waɗanda aka taimaka sun wuce 33,000, watau ninki bakwai da ɗoriya na adadin da ke takarda.

Akwai darasi biyu a nan. Na fari, adadi ba shi da ido sai na mai ƙirga, saboda haka lalle mai mulki ya riƙa tambaya wane ne aka tsallake. Na biyu ya fi nauyi. Abin da aka daɗe ana ɗauka ba shi yiwuwa, sai ga shi an yi mafi yawansa cikin 'yan makonni da tsoro ya zo. Da tsoro ya wuce, adadin masu kwana a titi ya sake hawa, har ya kai 4,667 a 2024. Ashe ƙarancin niyya ya fi ƙarancin ɗaki.

Wani zai ce dukiyar hukuma tana da iyaka, ga asibiti ga makaranta suna jira. Haka ne. Amma wanda bai sani ba yana da uzuri, wanda kuwa ya ƙirga da hannunsa ya rasa shi. Haka hukuncin yake ga sarki da mai unguwa da maƙwabci. Duk wanda ya san yawan masu kwana cikin sanyi a unguwarsa, Allah zai tambaye shi abin da ya yi da saninsa.