Izinin da Kwamfuta Ba Ta San Ya Ƙare Ba

In maƙwabcinka ya ara maka amalanke ran Alhamis ka kai kaya kasuwar Maigatari, ba ka da hurumin shiga gidansa Alhamis ta gaba ka ɗaura shanu ba tare da ka yi sallama ba. Kowa ya san wannan. Aro yana da rana, ko ba a faɗe ta ba. To, mene ne hukuncin aron da na'ura ce ta riƙe shi, ba kai ba?

Laftop ba ta mantuwa. Duk Wi-Fi ɗin da ka taɓa shiga, tana ajiye sunansa da kalmar sirrinsa, kuma da zarar ta sake jin ƙamshinsa sai ta faɗa ciki da kanta. A ce wani ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel ya roƙi abokin ɗakinsa ya buɗe masa Wi-Fi na wayarsa don ya tura aikin malami. Minti goma, an gama, an yi godiya. Bayan mako biyu mai wayar ya kunna don buƙatar kansa, kwamfutar abokin tana buɗe a gefe. Ta shiga. In ba a saita ta a kan ta yi tsimi ba, Windows zai kama sauke sabbin gyare-gyarensa, datar wata guda ta ƙare kafin la'asar. Babu wanda ya yi niyyar cuta, amma an ci kuɗin mutum. Kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba abin da ake ɗaga wa kafaɗa ba ne.

Wani zai ce ai shi ya bayar da hannunsa. Wani ma zai kawo misalin rijiya: wa yake neman izini kullum kafin ya ja guga? Misalin yana da ƙarfi a inda aka kafa Wi-Fi don jama'a, kamar makaranta ko ofis. Amma datar aljihu ba rijiya ba ce, randa ce, wani ya ɗauko ruwan a kansa. Mai ba da kalmar sirri yana nufin “yi amfani yanzu”, na'ura kuwa ta rubuta “har abada”. Ni ina ganin tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun tana wuyan mai kwamfutar, domin shi kaɗai zai iya goge abin da ta ajiye.

Ko manyan kamfanoni sun yi tuntuɓe a nan. Da Microsoft ya fitar da Windows 10 a 2015, ya sa masa wani tsari mai suna Wi-Fi Sense, wanda ke ba ka damar raba hanyar shiga Wi-Fi da abokanka na Skype da Outlook da Facebook. Mutane suka yi ca: wanda na ba wa mabuɗin gidana, wa ya ce ya yanka wa abokansa? A 2016 kamfanin ya cire wannan ɓangaren.

Inda lamarin ya fi daɗin tunani shi ne ranar da kwamfuta ta ƙi shiga. Sunan Wi-Fi ɗin yana nan, sigina cike, amma ta yi ta juyi ta ce ba za ta iya haɗuwa ba. Sau da yawa dalilin ɗaya ne: an canza kalmar sirri, ita kuwa tana ta tura tsohuwar. Gyaran ba wuya. Ka shiga jerin Wi-Fi ɗin da ta sani, ka danna inda aka rubuta Forget, wato ta manta, sannan ka rubuta sabuwar. Sai dai sabuwar tana hannun mai ita, kuma kafin ka tunkare shi ya kamata ka tsaya. Mu mutane ne masu kara. Da wuya maƙwabci ya dubi idonka ya ce ka daina shan datarsa. Sai ya canza kalmar ya yi shiru, ya bar ka ka fahimta. Abin da ka ɗauka matsalar na'ura ce, wataƙila a'a ce aka faɗa maka cikin mutunci. Wanda ya je ya ce “Malam, Wi-Fi ɗinka ya lalace, duba mana,” ya tilasta wa mutum ko dai ya faɗi abin da ya guje wa faɗi, ko ya sake bayarwa ba da son ransa ba.

Sai kuma mai gyara. A Windows, layi ɗaya na umarnin netsh, in aka ƙara masa key=clear, yakan fito da kalmar sirrin da aka ajiye ƙuru-ƙuru. Abin amfani ne ga wanda ya manta tasa. Amma laftop ɗin ma'aikacin da aka kawo shago a Gumel daga Gagarawa ko Sule Tankarkar tana ɗauke da mabuɗan wurare da yawa: ofishinsa, gidan surukinsa, otal ɗin da ya sauka a Dutse. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai san mai gyaran ba, balle ya amince masa. Mai kwamfutar ma in ya ce “ciro mini duka,” ba duka ne nasa ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta kutse cikin na'urar wani ba izini, amma doka ba ta zaune a shagon lokacin da allon ya nuna kalmar. Daga mai gyaran sai yaron shagonsa, da wayoyinsu masu kyamara a aljihu.

Haka ma ranar sayarwa. Mutum zai kwana yana goge hotunansa da saƙonninsa, don nasa sirrin ne. Jerin Wi-Fi kuwa, wanda sirrin wasu ne, yakan bi kwamfutar zuwa hannun sabon mai ita, wataƙila ma ta tsallaka iyaka zuwa Nijar da kalmar sirrin gidan surukin a cikinta.