Kitso Yana Tsufa, Amana Ba Ta Tsufa

Karatu: Zabura 90:1-12, Ayyukan Manzanni 9:36-42

Da me ake auna ran mutum? Da yawan shekarunsa, ko da abin da ya bari wanda ido zai gani? Kafin ka amsa, mu tuna da wata uwa a cikin ikkilisiya wadda Ubangiji ya kira gida bayan ta haura shekara 90. A Tsafe ta zauna, sana'arta kitso. Ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki, har ta goya tattaɓa-kunne.

Ka dubi nisan tafiyarta. An haife ta ƙasar nan tana Lardin Sakkwato a hannun Turawa. Ta ga 'yancin kai a 1960. Ba ta sauya gari ba, amma sunan jiharta ya yi ta sauyawa: Arewa maso Yamma a 1967, Sakkwato a 1976, sai Zamfara a 1996, lokacin da Gusau ta zama babban birni. Ta karɓi kuɗin kitso da sule da sisi, daga 1973 ta koma karɓar naira. Gwamnoni sun hau sun sauka, ita kuwa tana nan kan tabarmarta da kibiya da mataji, ana kawo mata amare har daga Gusau da Bungudu.

To, ina aikin nata yau? Shuku ko kalaba, komai kyansa, mako biyu ko uku sai a tsefe. Da Tabita ta rasu a Yafa, gwauraye sun kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka. Mai kitso ba ta da ko wannan. Ranar jana'izarta babu kai ɗaya da za a nuna a ce ga aikin hannunta na ƙuruciya. Idan abin da ido ke gani shi ne ma'auni, sai mu ce ta yi shekaru tana rubutu a kan rairayi.

Amma ka lura da yadda ake kitso. Mace takan zo ta zauna ƙasa, ta cire ɗankwali, ta ɗora kanta a cinyar wata. Ba kowa ake yi wa haka ba. Kai yana ƙasa, baki kuma sai ya buɗe. A nan ake faɗin mijin da ya daina ciyarwa, cikin da ya zube, bashin da ya hana barci. Mafi yawan kawunan da suka kwanta a cinyar wannan uwa na maƙwabtanta Musulmi ne. Sun san Kirista ce, sun kuma san maganar da ta shiga kunnenta ba za ta fito kasuwa ba. Wurin kitso ya yi suna da tsegumi, amma nata wurin ya yi suna da rufin asiri. Ba ta taɓa hawa bagade ta yi wa'azi ba, duk da haka a unguwarta an ga halin Almasihu. Abin da ta kitsa ke nan wanda ba mai iya tsefewa.

Yesu ya koya mana a Matiyu 10:30 cewa Uba ya san adadin gashin kanmu. Allahn da ya kula da abu ƙanƙani haka, kana tsammani zai raina hannun da ya yi shekaru yana gyara shi cikin gaskiya?

Sai dai akwai tambaya mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Muna addu'ar tsawon rai, kuma daidai ne, gama Zabura 91 ta lissafa shi cikin albarkun Allah. Amma a ƙasar nan mun binne matasa da 'yan bindiga suka tare a hanya ko a gona. Wataƙila kai mai karatu ka binne naka. Shin Allah ya fi ƙaunar tsohuwar da yaron? Sam. Tsawon rai kyauta ne, ba lada ba. Metusela ya yi shekara 969, amma Farawa 5 ba ta ba mu labarinsa ba sai haihuwa da mutuwa. Mahaifinsa Anuhu ya yi 365 kawai, aka shaide shi da tafiya tare da Allah. Ubangijinmu kansa bai kai shekara 40 a duniya ba, ya gama aikin ceto. Shi ya sa Musa a Zabura 90 ya roƙi hikimar ƙidaya kwanaki. Muna girmama furfurar wannan uwa domin kowace rana da aka ba ta, ta riƙe ta da aminci, ranakun kuma suka taru suka yi yawa.

Yanzu kai fa? Yawan kwanakinka ba ya hannunka, amma na yau an riga an ba ka. Wa ya ɗora kansa a cinyarka? Ko kai tela ne, ko malamin makaranta, ko ɗan acaɓa, ko ke mai abinci ce a tasha, akwai wanda ya amince maka da sirrinsa, ko kuɗinsa, ko ɗansa. Me ka yi da shi? Idan ka taɓa fallasa wanda ya yarda da kai, ka tuba yau, ka je ka nemi gafararsa. Idan kuma akwai tsohuwa a gidanku, kada ka jira ranar jana'iza kafin ka yaba mata. Ka je ka zauna kusa da ita, ka saurara, ka ce ta sa maka albarka.

Addu'a: Ya Uba, na gode maka domin iyayen da suka riga mu cikin bangaskiya. Ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, ka tsare bakina, ka tsarkake hannuna, in zama mai riƙon amana ko kwanakina kaɗan ne ko masu yawa. Ka ta'azantar da masu makoki, ka kawo salama a Zamfara. Cikin sunan Yesu, Amin.