Lamba a Ƙirji, Igiya a Hannu

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani saurayi soja da na koya wa katikisma tun yana yaro ya biyo ni gida nan Zongo na Wagadugu. Ya zo hutu daga arewa. Da muka zauna ya ce, "Malam, abokina da muka shiga soja rana ɗaya ya sami lambar yabo, bayanta kuma aka ƙara masa igiya. Ni direban motar abinci ne, shekara uku ina bin hanyar da ake binne nakiya, ba wanda ya rubuta sunana. Wannan gaskiya ce a gaban Allah?" Na ce, "Ɗana, ba ni kwana biyu." Abin da na yi ta juyawa a raina ke nan nake so mu duba tare, 'yan'uwa, gama gidajenmu da yawa yanzu suna da ɗa a daji, tun da faɗa ya shigo ƙasar nan a 2015.

Lamba da igiya, wadda mu nan muke ce wa galo, ba abu ɗaya ba ne. Lamba shaida ce ta abin da mutum ya riga ya yi. Igiya kuwa amana ce ta abin da ke gaba, domin ranar da aka ɗaura wa kofur igiyar saje, an sa rayukan 'ya'yan mutane a hannunsa ke nan. Duk da haka sojojin duniya sukan ɗaure su wuri guda. A sojan ƙasa na Amurka har lissafi ake yi: mai neman zama saje yana tara maki, kowace lamba da nata makin a rubuce, a haɗa da na harbi, da na ƙarfin jiki, da na karatu. Wannan tsari yana da kyaunsa, ban ƙi ba. Abin da aka rubuta a fili ya fi wuyar murɗewa bisa ga abin da babba ya yanka a ɗakinsa don ɗan garinsu. Kuma wanda ya koma cikin wuta ya ɗauko ɗan'uwansa, in aka ce bai ci komai ba, an yi masa butulci.

Amma fa lamba ba ta faɗowa daga sama. Sai wani hafsa ya gani, ya ga dama, ya ɗauki alƙalami. Jaruntakar da aka yi da dare ba mai shaida, ko aka yi a gaban hafsan da shi ma bai dawo ba, ba ta shiga takarda. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kakanninmu sun ga wata fuskar wannan magana. Faransa ta kafa rundunar tiraye a 1857, ana ce musu 'yan Senegal, alhali da yawansu daga wannan ƙasa aka kwashe su. Sun dawo daga yaƙin duniya biyu, da Indocin, da Aljeriya, ƙirji cike da ƙarfe. Akwai Médaille militaire da aka ƙirƙiro a 1852 domin ƙananan sojoji, akwai Croix de guerre ta 1915. An ba su, sun kuwa cancanta. To, me ya biyo baya? Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe wuta a kan tirayen da suka fito daga kurkukun Jamus, don sun nemi kuɗinsu da aka riƙe. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne. A ƙarshen 1959 aka yi doka ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci, har ya zama Bafaranshe da Ba'afirke da suka kwanta rami ɗaya, masu lamba iri ɗaya, ɗaya na karɓar ninkin ba ninkin na ɗaya. Sai da wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun ta ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga ya rasu, ba a kuwa daidaita abin duka ba sai 2011. Abdoulaye Ndiaye, tiraye na yaƙin 1914, ya cika a ƙauyensu a Nuwamba 1998, ana gobe za a rataya masa Légion d'honneur.

Wajen Ingilishi ma haka. Chari Maigumeri, mutumin Barno, ya yi yaƙin duniya na farko da na biyu, ya zama samanja, ya tara lambobi, amma muƙamin kyaftin sai na girmamawa aka ba shi da zai ajiye kaki a 1953. Wato a wancan zamani ƙarfe ba shi da tsada ga mai mulki, igiya da kuɗi su ne masu tsada. Saboda haka idan yau aka ce lamba za ta taimaki ƙaramin soja ya hau, ni ba zan yi saurin tsine wa abin ba. Ya fi lambar da ba ta sayen ko mudun gero.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne wajen direban nan. A 1 Sama'ila sura 30, Dawuda ya bi Amalekawan da suka ƙone Ziklag da mutum 600. A rafin Besor 200 suka gaji, suka tsaya wurin kaya, 400 suka ci gaba suka ƙwato kome. Da aka dawo, waɗansu suka ce kada a ba masu tsaron kaya ganima. Dawuda ya ƙi, ya raba daidai, ya mai da shi doka a Isra'ila. Dalilinsa kuwa, nasarar Ubangiji ne ya bayar, ba ta masu takobi kaɗai ba ce. Mu a ƙasar nan mun koyi darajar mai kaya da hawaye. A Inata, ran 14 ga Nuwamba 2021, an kashe mutum fiye da 50, yawancinsu jandarmomi, daga baya kuma ta fito cewa sun yi kwanaki abinci bai isa gare su ba. Motar da ta iso da shinkafa a kan lokaci ba ta samun lamba, domin ba abin da ya faru.

Dawudan nan dai, kada mu manta, yana da jerin jarumawansa a 2 Sama'ila sura 23, sunan ƙarshe a ciki Uriya Bahitte ne, wanda sarki da kansa ya sa aka tura bakin dāga ya mutu. Mai raba girma ma ɗan Adam ne.

Akwai kuma wani haɗari. In saurayi ya san lamba ce tsani, zai iya neman wuta da gangan, ya ja na ƙasa da shi ciki. Mai zafin zuciya na rana ɗaya ba lalle ne ya iya raba ruwa da adalci, ko ya hana yaransa taɓa akuyar talaka ba, alhali wannan ne aikin saje kullum. Da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma a Luka sura 3, kan ƙwace da ƙazafi da albashi ya yi musu gargaɗi. Ra'ayina shi ne a lissafa lamba, amma kada ta rinjayi shaidar shekaru, a kuma tambayi waɗanda suka kwana tare da mutum kafin a ɗora shi a kansu.

Da yaron ya dawo ran Talata, na ce masa abokinsa bai yi masa sata ba, ya je ya yi masa barka da zuciya ɗaya. Na kuma ce kukansa yana da tushe, ya nemi a rubuta tafiye-tafiyensa cikin takardunsa, ya zauna jarrabawar saje in lokacinta ya yi, wannan ba rashin tawali'u ba ne. Muka karanta labarin Besor tare, sau biyu. Ya ce, "To, Malam, na ji." Uwarsa ta ɗaura masa ƙuli-ƙuli da yaji, ran Alhamis da asuba ya koma.