Ma'aikacin Challawa, Shafi Biyu Sun Ishe Ka

Wa ya ce rubuta labari aikin masu hutu ne? Wa ya ce sai mai ofis da teburi da lokacin ɓatawa? Ku da kuke sammako daga Panshekara da Kumbotso kuna nufar masana'antun Challawa, ku da kuke kwana gaban injin roba a Sharaɗa, ku da kuke lodi a Bompai har gumi ya jiƙa riga, labari a hannunku yake. Lokaci ne ba ku da shi, gajeren labari kuwa ba ya cin lokaci. Ƙwarewa yake so, ita kuwa kun daɗe da mallakarta.

Kai da kake aiki a kamfanin fata, tuna yadda fata take zuwa hannunka: ga gashi, ga kitse, ga ragowar nama. Ka jiƙa, ka karce, ka datse gefe, ba ka jin tausayin abin da ka yar, domin ka san abin da ya rage shi ne kuɗin. Aikin marubucin gajeren labari ke nan. Ya zuba kalmomi, sannan ya dawo ya kankare duk wadda ba ta ɗauke da kaya. Hannun da ya iya wancan ba zai gaza wannan ba.

Kana son mu san mutum ya shiga matsi? Kada ka cika mana shafi da bayanin talauci. Rubuta cewa ya ƙirga albashinsa sau biyu a bakin get, sannan ya canza hanya don kada ya bi ta gaban mai shayi. Tsaya nan. Mai karatu ya riga ya gane akwai bashi, akwai kunya, akwai iyali suna jira a gida. Ba ka faɗi ko ɗaya ba, amma duk ya ji su a ƙirjinsa. Ka girmama hankalinsa, ka bar masa rabonsa na aikin, shi ya sa labarin zai bi shi har shimfiɗa. Mutum ɗaya, matsala ɗaya, yini ɗaya, sun isa. Shiga da wuri, fita da wuri!

Gajeren labari ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ta wuce zama ɗaya, amma ta rayu daga kaka zuwa jika. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ma gajerun labarai ne aku yake jerowa ɗaya bayan ɗaya, ga shi har yau ana karanta ta a makarantu. A shekarar 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla, ya ƙayyade kalmomi 1000 zuwa 1500, Aisha Muhammad Sabitu ta lashe ta farko da labarin Sansanin 'Yan Gudun Hijira. Cikin wannan ɗan fili ta sanya ciwon da ya addabi yanki guda. Ke da kike sayar da shinkafa da wake a ƙofar kamfani, kina jin hirar ma'aikata tun safe har la'asar, wa ya fi ki abin rubutawa?

Na san akwai gajiya. Na san wuta tana ɗaukewa, injin ya tsaya, albashi ya makara, na san masaƙu da yawa a Kano sun rufe sun bar magidanta a tsaye. To wa zai rubuta wannan in ba ku ba? Wanda bai taɓa shaƙar warin jima ba? Wanda bai san yadda ƙafa take kumbura bayan aikin dare ba?

Wayar da ke aljihunka ta ishe ka alƙalami da takarda. Rubuta layi biyar a hutun azahar, ƙara biyar a cikin adaidaita sahu. Ranar hutu ka karanta wa abokin aikinka da ƙarfi, duk inda ka ga hankalinsa ya tafi, goge wurin. Ka sake karanta masa, ka sake gogewa, har sai ya riƙe hannunka yana tambayar me ya faru da mutumin. Daga nan ka tura shi zauren marubuta, ka fara na biyu!