Hoton Wanda Ya Faɗi A Hanya

A shekara ta 1975 Steven Sasson, ma'aikacin Kodak, ya ƙera kyamara wadda ba ta bukatar fim. Yau ga irinta cikin wayoyin samari a kasuwar Talata Mafara, kullum kuwa ana labarin sabuwa mai kaifin ido.

Amma sa'ad da mota ta kife a hanyar Gusau, masu ɗaga waya sukan fi masu ɗaga mutum yawa. Firist da Balawi ratsewa suka yi, mu kuwa mukan tsaya mu ɗauka. Waɗansu sun ce hoto shaida ne, yakan jawo taimako. Hakanan ne, wani lokaci. To, wa ya roƙi izinin mai rauni? Uwarsa a Bakura takan ga jininsa cikin waya tun manzo bai iso ba.